TANKIN RUWA MAI TSIYAYA DARE DA RANA: YADDA A KE GANO DALILINSA

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, da duk wanda aka ɗora wa alhakin lura da gine-ginen jama'a, kamar ofishin Hakimi, da makaranta, da ɗakin shan magani, da kasuwa. Maganar kuwa ita ce ta tankin ruwa na bisa, wanda ɗan bututun da ke kusa da bakinsa ke zubar da ruwa ba dare ba rana. An ɗauki Abakpa ta Kaduna a yi misali da ita, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane gari da a ke ajiye ruwa a tanki.

ABAKPA DA RUWANTA

Abakpa unguwa ce a arewa da kogin Kaduna, tana maƙwabtaka da Unguwar Shanu, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Gidajenta da yawa a manne su ke da juna, bango a jikin bango, kuma akwai gidajen haya inda iyalai da dama ke shan ruwan tanki guda. Ruwan famfo na wannan sashe na gari daga matatar Malali ya ke fitowa, ita kuwa daga kogin Kaduna ta ke ɗiba.

Tsofaffin gidajen Gwamnati, waɗanda aka yi ta ginawa bayan da hedkwatar Lardunan Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna cikin 1917, da yawansu tankin ƙarfe gare su a cikin rufi. Yanzu kuwa tankin roba ne ya cika gari, mai cin lita 500, ko 1,000, ko 2,000, a kan hasumiyar ƙarfe ko ta bulo. Tun da ya ke ruwan famfo ya kan zo ya ɗauke, waɗansu masu gida sun haƙa rijiyar burtsatse, sun sa inji yana tura ruwa sama. Ta haka sai a tarar da gida guda yana da hanyar ruwa biyu. A riƙe wannan magana, gama za a komo kanta nan gaba.

YADDA TANKI YA KE

Tankin da aka kafa bisa ƙa'ida ƙofa uku gare shi. Ta farko ita ce mashiga, a can sama, inda ruwa ke shigowa. Ta biyu ita ce mafita, a ƙasa, inda ruwa ke sauka zuwa famfunan gida. Ta uku ita ce ɗan bututun nan da ke kusa da baki, wanda za a kira shi bututun gargaɗi a cikin wannan darasi.

A bakin mashiga akwai wani ɗan famfo mai rufe kansa da kansa. Yana da dogon hannu, a ƙarshen hannun kuwa akwai ƙwallo na roba ko na tagulla, wanda ke yawo a kan ruwa. In ruwa ya yi ƙasa, ƙwallon ya bi shi, famfo ya buɗe. In ruwa ya taso, ƙwallon ya ɗaga hannu, hannun ya danna wata 'yar roba a kan ƙaramin baki, ruwa ya tsaya. In komai na tafiya daidai, ruwa zai tsaya kamar inci ɗaya a ƙasa da bututun gargaɗi, ko fiye da haka, kuma bututun zai zauna a bushe shekara da shekaru.

Saboda haka bututun gargaɗi ɗan aike ne kurum, ba shi da laifi. In an ga yana zuba, saƙon da ya kawo shi ne, ruwa na shiga tanki bayan ya cika. Ruwa ba ya tsami banza. Babban kuskuren da a kan yi shi ne a cusa tsumma ko itace a bakin bututun, ko a ɗaure shi da roba. Wanda ya yi haka bai tsai da ruwan ba, ya dai sāke masa hanya: zai fito ta murfi, ya bi ƙafafun hasumiya, ko ya sauka kan silin in tankin a cikin rufi ya ke. Aikin mai bincike ke nan guda ɗaya, ya gano ƙofar da ruwan ke shigowa ta cikinta.

ASARAR DA KE CIKI

Kada a raina ɗigo, da yayyafi kogi kan cika. Malamin Hakimi yana iya auna asarar da kwalba mai cin lita ɗaya da agogo. Ya tara kwalbar a bakin bututun, ya duba minti nawa ta yi kafin ta cika. Ga lissafin:

In ta cika cikin minti 10, lita 144 ke nan a yini da dare, watau jarka shida saura kaɗan, in jarkar mai cin lita 25 ce.

In ta cika cikin minti 5, lita 288 ke nan, watau jarka goma sha ɗaya da rabi. A kwana 30 ya zama lita 8,640.

In ta cika cikin minti 1, lita 1,440 ke nan, ya fi cikin tanki mai lita 1,000.

Wannan ruwa an biya kuɗin tace shi, ko an ƙona mai ko lantarki wajen tura shi sama, alhali wani maƙwabci yana sayen jarka a hannun mai kura. Ba a nan asarar ta tsaya ba. Ruwan da ke zuba wuri ɗaya kullum yana jiƙa gindin bango, ginin ƙasa ya rube, na siminti ya yi gansakuka ya soma ɓarewa. Yana sa ƙafafun hasumiya tsatsa, yana kuma sassauta ƙasar da aka kafa su. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 in ya cika, tan guda ne ke rataye a kan tsakar gida. Kududdufin da ke taruwa a ƙasa kuwa gidan sauro ne, gama a lokacin zafi ƙwan sauro na iya zama babban sauro cikin mako guda zuwa kwana goma. A unguwa mai matsi irin Abakpa, sau da yawa bangon da ke jiƙa na maƙwabci ne, daga nan sai ƙara ta iso gaban Mai Unguwa ko Hakimi.

KAFIN A HAU

A kashe inji, a kashe lantarkin da ya je wurin tanki. A duba ko akwai wayar wuta kusa da hasumiya. A girgiza tsani a ga ƙarfinsa, a kuma sa wani ya riƙe shi. In ƙafafun hasumiya sun ci tsatsa ƙwarai, kada kowa ya hau sai an rage ruwan an kira maƙeri. Kada a aiki yaro, kada kuma a hau da dare ko ana ruwan sama.

MATAKI NA ƊAYA: A TAMBAYI LOKACI

Kafin a taɓa komai, a yi kwana ɗaya ko biyu ana lura, ana rubutawa. Lokacin da tanki ke zuba shi kan fara nuna inda laifin ya ke.

In da tsakar dare ne zubar ta fi yawa, ko da asuba, alama ce ta ƙarfin ruwan famfo. Da dare masu ɗiba sun ragu, ruwa ya ƙara ƙarfi a cikin bututun gari, sai ya rinjayi robar da ta tsufa.

In zubar ta soma ne ran da ruwa ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa, a zargi yashi ko ɓarɓashin tsatsa. Ruwan farko ya kan kwaso su, su maƙale tsakanin roba da bakin da ta ke dannewa.

In sai an ta da inji ne ya ke zuba, maganar ta inji ce.

A kuma taɓa ruwan da hannu. In da ɗumi ko zafi, alhali ba rana ce ta dafa tankin ba, wannan babbar magana ce, an yi bayaninta a ƙasa.

MATAKI NA BIYU: A BUƊE MURFI

A duba inda ruwa ya tsaya. In bai kai bututun gargaɗi ba amma ana ganin ɗigo a ƙasa, to, wataƙila ba ta cikin bututun ruwan ke bi ba. A share jikin tanki da tsumma, a nemi tsaga, a duba mahaɗin bututu da tanki. Wani lokaci ruwan mashiga ne ke fantsama cikin bututun don an huda ramukan biyu dab da juna. Wani lokaci kuma tankin ne ya karkata wajen bututun, domin abin da ya ke zaune a kai ya lotsa.

In kuwa ruwa ya kai bakin bututun, sai a dubi ɗan famfon mashiga, a ga ko yana ɗiga.

MATAKI NA UKU: A ƊAGA HANNU

A sa yatsa a ƙarƙashin hannun ƙwallon, a ɗaga shi sama a hankali, ba da ƙarfi ba. Ɗayan abu biyu zai faru.

In ruwa ya tsaya cak, robar na da sauran ƙarfi, laifin na ƙwallo ne ko na hannu. A kwance ƙwallon a girgiza shi kusa da kunne. In an ji ruwa a ciki, ya hude, ya yi nauyi, ba ya iya ɗaga hannu. Ba a liƙe shi, sai a sa sabo. Tankin da aka bari ba murfi ƙwallonsa ba ya daɗewa, gama rana na cin roba har ta tsage. In ƙwallon lafiya lau ya ke, a duba ko yana gogar jikin tanki ko murfi. In ba haka ba ne, an saita shi ne sama da kima. Hannun tagulla a kan riƙe shi da hannu biyu a tanƙwara shi ƙasa kaɗan. Na roba kuwa yana da ɗan noti da a ke murɗawa. Sa'an nan a rage ruwa, a bar tanki ya sāke cika, a ga inda zai tsaya.

In kuwa an ɗaga hannu ruwa bai daina ɗiga ba, laifin na cikin famfon ne. A rufe makullin da ke kan bututun mashiga, a zare 'yar ƙusar da ta riƙe hannun, a fitar da abin da ke ɗauke da roba. A wanke yashi. A dubi robar: in ta taurare, ko ta tsage, ko bakin ya yi mata zurfin shaida, a canja ta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A kuma shafa bakin da farce. In an ji kaushi ko tsagi, ruwa ya riga ya ci shi, sabuwar roba ba za ta zauna ba, sai a canja bakin ko famfon gaba ɗaya.

Akwai abin lura wajen saye. Famfon ƙwallo iri biyu ne ta fuskar baki. Mai ƙaramin baki an yi shi domin ruwa mai ƙarfi, irin na famfon gari. Mai faɗin baki an yi shi domin ruwa mai rauni, kamar wanda ke gangarowa daga wani tanki. In an sa mai faɗin baki a kan ruwa mai ƙarfi, zai yi ta ɗiga ko da sabo ne fil.

MATAKI NA HUƊU: GWAJIN KWANA

Sau da yawa a kan canja roba, a canja ƙwallo, har a canja famfon duka, tanki bai fasa zuba ba. Mai gida ya zargi mai gyara, mai gyara ya zargi mai kanti. A nan ne a ke bukatar wannan gwaji, kuma da an fara da shi da an huta da ɓarnar kuɗi.

Da yamma a rufe makullin mashiga. A ɗaura 'yar leda a bakin famfon ƙwallo, domin a san ko makullin kansa na yoyo. A ɗebi ruwa har ya sauka kamar taƙi ɗaya a ƙasa da bututun gargaɗi. A tsoma sanda mai tsabta a yi mata alama daidai inda ruwa ya tsaya. A gaya wa mutanen gida su ɗebi na dare tun da wuri, kada kowa ya buɗe famfo sai da safe.

Da safe a sāke tsoma sandar. In ruwa na nan inda aka bar shi, laifin na mashiga ne, a koma mataki na uku. In ya ragu, akwai yoyo a wani wuri a cikin gida, wannan kuwa wata matsala ce dabam. In ya ƙaru alhali leda a bushe ta ke, to, ruwa na shigowa ta wata ƙofa.

Domin a tabbatar, a sāke gwajin dare na biyu, amma a rufe har da makullin mafita. In bai ƙaru ba a wannan karo, an kama ɓarawon: ruwa na hawowa ne ta bututun da ya kamata ya sauka.

ƘOFOFIN ƁOYE

Ruwa ba ruwansa da sunan bututu, daga inda ya fi ƙarfi ya ke tafiya zuwa inda ya fi rauni. Ga wuraren da za a nema.

Na ɗaya, inda aka haɗa bututun famfon gari da bututun da ya sauko daga tanki, domin gida ya sha duk wanda ya samu. Wannan ya yi yawa a gidajen da ke da hanyar ruwa biyu. In ruwan gari ya zo da ƙarfi, sai ya bi bututun tanki ya hau, ya shiga ta ƙasa, inda ƙwallo ba shi da iko. Akwai kuma haɗari na biyu: in ruwan gari ya ɗauke, ruwan tanki na iya gangarawa cikin bututun gari, ya kai wa maƙwabta duk dattin da ke ciki. Maganin shi ne a raba hanyoyin biyu sarai. In ba za a iya ba nan da nan, a sa makulli mai hana ruwa komawa baya, a riƙa duba shi, gama shi ma yashi na hana shi rufuwa.

Na biyu, tanki biyu da aka haɗa ta ƙasa, ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ruwa zai nemi ya daidaita kansa a cikinsu, sai na ƙasa ya yi ta zuba tun na sama bai cika ba. Ko dai a daidaita mazauninsu, ko a ba na ƙasa famfon ƙwallo nasa.

Na uku, famfon wanka mai haɗa ruwan zafi da na sanyi, in ɗaya daga tanki ya ke, ɗaya daga famfon gari. In cikinsa ya lalace, mai ƙarfi zai tura mai rauni baya.

Na huɗu, bututun inji. Da yawa a kan zura shi ta murfi ba tare da ƙwallo ba, har mutanen gida su mai da zubar tanki ita ce ƙararrawar kashe inji. Wannan ɓarna ce. Akwai makunni mai yawo a kan ruwa wanda ke kashe inji in tanki ya cika. In akwai shi amma bai kashe ba, a duba ko wayarsa ta harɗe. Kada a sa famfon ƙwallo kaɗai a kan bututun inji, gama in ya rufe inji na aiki, ko bututu ya fashe ko inji ya ƙone.

IN RUWAN DA ZAFI

In gidan na da hita da ke shan ruwa daga tanki, kuma ruwan da ke zuba da zafi ya ke, a kashe wutar hitar nan take. Ruwa na kumbura in ya yi zafi: lita 100 ta ruwan sanyi ta kan ƙaru da kamar lita 4 kafin ta tafasa. In abin da ke kashe hita ya mutu, za ta yi ta tafasa tana tura ruwan zafi sama. Tankin roba kuwa zafi na sa shi laushi har ya ɓare. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a Ingila. Wannan ba aikin mai gida ba ne, a kira wanda ya san aikin.

DARASI DAGA ƘASAR SANYI

Wannan ƙa'ida ba ta Kaduna kaɗai ba ce. A Ingila, inda a ke ɗumama ɗakuna da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututu, tsofaffin gidaje da yawa suna da tanki biyu a cikin rufi. Babba ya kan ci galan 50, watau kamar lita 227, shi ne na wanka da wanki. Ƙarami ya kan ci galan 4, kamar lita 18, shi ke ciyar da bututun ɗumama ɗaki, ya kuma karɓi ruwan da ya kumbura. Saboda haka ba a cika shi, a kan bar masa fili da yawa.

Ruwan wanka a can yana samun zafi ne a cikin wata doguwar tukunya ta tagulla, wadda bututun ɗumama ɗaki ya naɗe a cikinta kamar gammo. Ruwan biyu ba su haɗuwa. Amma in naɗaɗɗen bututun ya hude, sai su haɗu, kuma da ya ke ruwan babban tanki ya kan fi na ƙarami tudu, sai ya yi ta turawa har ƙaramin ya riƙa zuba dare da rana. Ko an canja ƙwallo sau goma ba zai tsaya ba, sai an canja tukunyar. Yadda masu gyara na can ke gano wannan kuwa shi ne gwajin nan da aka bayyana: su rufe mashiga, su rage ruwa, su ga ko zai sāke tasowa.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ba a neman Hakimi ya zama mai gyaran famfo. Abin da a ke nema shi ne, in yana rangadi ya ga bututun gargaɗi na zuba a ginin jama'a, ya tambayi wanda ke riƙe da wurin tun yaushe, kuma me aka yi. Malami ya buɗe shafi a littafinsa ga kowane tanki, ya rubuta girmansa, da inda ya ke samun ruwa, da ranar da aka ga zuba, da minti nawa kwalba ta yi, da abin da gwajin kwana ya nuna, da abin da aka canja. Kada a sa hannu a takardar biyan mai gyara sai tanki ya kwana biyu bututunsa a bushe, a daren da akwai ruwa.

In ƙara ce tsakanin maƙwabta, ko tsakanin mai gida da 'yan haya, ya kyautu a fara da rufe makulli domin ɓarna ta tsaya, sa'an nan a yi gwaji, kafin a shiga maganar wanda zai biya. Lokacin da ya fi dacewa da duba tankuna shi ne kafin faɗuwar damina, domin in ruwan sama ya sauka ko'ina a jiƙe ya ke, ba mai lura da ɗigo.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ba a toshe bututun gargaɗi?
2. Kwalba mai cin lita ɗaya ta cika cikin minti 4. Lita nawa ke zuba a yini da dare?
3. An ɗaga hannun ƙwallo, ruwa ya tsaya. Waɗanne abubuwa za a duba?
4. An rufe makullin mashiga, leda ta kwana a bushe, amma ruwa ya ƙaru. Me wannan ya nuna, kuma wane gwaji za a yi dare na biyu?
5. Wane haɗari ke ga maƙwabta in an haɗa bututun tanki da na famfon gari?